Neman hular kwanon da za ta yarda da ƙeyata

A wasan motar da ake kira autocross a Amurka ba dole ba ne ka zo da hular kwanonka. Ƙungiya tana da na aro a cikin manyan akwatunan roba a bayan tirela. Ka ajiye lasisin tuƙinka jingina, ka ɗauki wadda ta shiga kanka, in ka gama zagayenka ka mayar da hanzari don akwai mai jira. Wasan kansa ba abin tsoro ba ne. Babban filin ajiye motoci ake samu, ko tsohon filin jirgi, a jera robobin nan masu tsini launin lemo a fitar da hanya mai kwana-kwana. Mota ɗaya ke shiga a lokaci guda, agogo na ƙirgawa, in ka ture roba ɗaya a ƙara maka daƙiƙa biyu. Zagaye da ƙyar yake wuce minti guda, kuma galibi a giya ta biyu za ka ƙare. Ƙungiyar SCCA, wadda aka kafa a 1944, ita ce babbar mai shirya shi, kuma da motar da kake zuwa aiki ake shiga. Tawa Honda Civic Si ce, har da kujerar yaro a baya wadda sai na kwance ta kowace safiyar wasa.

Hular aro ba ta da laifi a watan Afrilu. A Yuli kuwa, da zafin jihar Maryland mai ɗanko, za a miƙo maka ita tana ɗumi, sosonta sharkaf da zufar wanda ya cire yanzu. Duk wanda ya zauna Kano a farkon 2009, lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta wa 'yan acaɓa da fasinjojinsu sa hular kwano, zai tuna yadda mutane ke shimfiɗa hankici a ka kafin su ɗora hular ɗan acaɓa, wasu don gudun makero, wasu don tsoron asiri, ga kuma masu kifa ƙwarya da igiya don kada a ci su tara. To ni ma hankicin na koma, a ƙasar da na ɗauka na bar wannan a baya. Duk da haka da na ci gaba da haƙuri, sai dai a 2023 raina ya biya in shiga filin tsere na sosai. Akwai Summit Point a jihar West Virginia, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba daga Washington, inda ƙungiyoyi ke kama filin su bar sababbin shiga su yi gudu da malami a kujerar gefe. A miƙaƙƙiyar hanyar filin, mota irin tawa tana haura mil 100 a awa. Ƙungiyar da na yi rajista da ita ba ta ba da aron hula, kuma a takardar sharuɗɗanta an rubuta ƙarara cewa hula ta kasance mai shaidar Snell SA, ta 2015 ko wadda ta biyo bayanta.

Wannan layi ɗaya shi ya rufe mini fiye da rabin kasuwa, ya kuma hutar da ni. Kafin in karanta shi ina ta zagaya manyan shafukan saye da sayarwa, ina kallon huluna masu ƙyalli na dala sittin da saba'in, kowacce da sitikar DOT a ƙeya. Ita DOT ƙa'idar gwamnatin Amurka ce ta hular babur a kan titi, kuma yadda take aiki shi ne kamfani da kansa yake shaida cewa hularsa ta cika sharaɗi ya manna sitika. Hukuma daga baya take tsintar wasu a kasuwa ta gwada. Kamfanin kirki zai yi gwajinsa tsakani da Allah, amma wanda ba ka san sunansa ba, kuma gobe zai sauya suna, sitikar ba ta fi kuɗin buga ta ba.

Snell daban ce, kuma sunan mutum ne. William Snell, da aka fi sani da Pete, ɗan tseren sha'awa ne kamar mu, ɗan SCCA reshen San Francisco. A 1956 motarsa ƙirar Triumph ta ƙwace ta wuntsila a wani tsere a Arcata ta jihar Kalifoniya, hular da ke kansa irin ta zamanin ba ta tsare komai ba, ya rasu. Abokansa, ciki har da wani likita mai tsere, Dokta George Snively, suka kafa gidauniya da sunansa a 1957, suka fitar da ƙa'idarsu ta farko a 1959. Gidauniyar ba ta ƙera hula, ba ta sayarwa. Kamfani ne ke kai samfurinsa a gwada a ɗakin gwajinta kusa da Sacramento, in ya ci a sayar masa da sitika mai lamba. Bayan haka ma sukan sayo irin hular daga kanti kamar kowane mai saye su sake gwadawa, kuma suna wallafa jerin duk waɗanda suka ci a shafinsu. Jerin nan ya zame mini abin dubawa kafin kowane talla.

Na daɗe ina karanta yadda suke gwajin, don abin yana da ban sha'awa ko ga wanda ba zai sayi hula ba. Ana sa hular a kan wani kai na ƙarfe mai na'urar auna girgiza a ciki, a ɗaga sama a sako shi a kan maƙerar ƙarfe, wata shimfiɗaɗɗiya, wata mai tudu, a kuma maimaita a gurbi ɗaya, domin a haɗari ba sau ɗaya kai ke buguwa ba. Ana sako ƙarfe mai tsini na kilo uku a kan ƙoƙon a ga ko zai huda ya taɓa kai. Gilashin fuska kuwa bindigar iska ake sa wa, a harbe shi da ƙwayar dalma mai gudun kusan kilomita 500 a awa, a wurare uku. Ana fizgar maɗaurin haɓa da nauyi a ga iya miƙewarsa. To a nan haruffan da ke kan sitikar Snell suke rabuwa. M ta babur ce, K ta ƙananan motocin kart, SA ta tseren mota. Ɗan babur in ya faɗi yakan rabu da babur ɗinsa ya gurzu a kan titi, kuma yana bukatar ganin gefe da gefe saboda ababen hawa, shi ya sa tagar idon hularsa take da faɗi. Direban mota kuwa a ɗaure yake cikin akwatin ƙarfe tare da tankin mai. Abin da zai buga kansa a kai bututun kejin kariya ne, abin da zai fi tsoro wuta ce. Don haka SA tana da ƙarin gwaji a kan maƙera mai siffar bututu, sannan a hura mata wutar gas mai zafin digiri 790 na Celsius a ƙoƙo da maɗauri da gilashi. Dole wutar ta mutu da kanta in an janye, kuma zafin cikin hular kada ya wuce digiri 70. Shi ya sa rufin cikinta na yadin da ba ya cin wuta ne, irin su Nomex, ba nailan ba.

SCCA tana karɓar M a autocross, wasu ƙungiyoyin filin tsere ma suna karɓa ga sababbi. Amma tun da ƙungiyata ta ce SA, magana ta ƙare. Ko da ba ta faɗa ba ma, ban ga hikimar sayen wadda wata ƙofa za ta ƙi ba alhali ga wadda kowace ƙofa ke karɓa.

Sai batun shekara. Snell tana sabunta ƙa'idarta duk shekara biyar: SA2010, SA2015, SA2020, haka nan. Ƙungiyoyi kuma suna da iyakar tsufan da suke karɓa. A autocross na SCCA ana yarda da ƙa'idar da ake ciki da biyun da suka gabace ta, amma da yawa daga masu shirya gudu a filin tsere ta yanzu da ta bayanta kaɗai suke karɓa. Lokacin da nake nema, kantuna suna ta karyar da ragowar SA2015, sababbi fil a kwali, wasu da ragin da ya kusa rabi. Na yi lissafi a bayan ambulan: da zarar SA2025 ta fito, ƙungiyoyi za su fara sallamar 2015, ke nan in na saya na sayi shekara biyu ko uku ne kawai. In ka raba kuɗin da shekarun, mai arahar ta fi tsada. Ga mai son gwada wasan na kaka ɗaya ya gani, wannan ragin alheri ne. Ni na riga na san na kamu.

A wata ranar wasa wani abokin tsere da muke tsayawa gadin robobi a lanƙwasa ɗaya ta hanya ya ji ina maganar, ya ce yana da wata ta babban kamfani da zai bar mini a kashi ɗaya cikin uku na kuɗinta. Ya kawo ta, kyakkyawa, fenti ko ƙwarzane babu. Na juya ta, na ɗaga soson ciki na ga sitikar Snell ta gaske. Mutumin kirki ne kuma na yarda da shi, amma shi ma hannu na biyu ya saya. Abin da ke ceton kai a hula ba ƙoƙon waje ba ne shi kaɗai. Tsakanin ƙoƙo da soson da ke taɓa fata akwai farin abu mai tauri, dangin wanda ake tallafe talabijin da shi a kwali, sai dai an auna taurinsa. Aikinsa ya murƙushe a lokacin bugu, ya ja lokacin tsayawar kai ko da da ɗan ƙiftawa ne, don kada ƙwaƙwalwa ta daki ƙoƙon kai da ƙarfi ɗaya. In ya murƙushe sau ɗaya ba ya dawowa, ƙoƙon waje kuma yana iya komawa siffarsa ya ɓoye ɓarnar. Hular da ta taɓa haɗari tana iya fin sabuwa kyan gani. Na yi masa godiya na ce bari in duba tukuna, shi ma ya gane.

Awon kai matata ce ta yi mini da tef ɗin ɗinkinta. Ana zagayo shi ne kamar yatsa biyu sama da gira, ya bi ta saman kunnuwa, ya kama inda ƙeya ta fi fitowa. Ta auna, ta sake aunawa, ta ce, "Yallaɓai, hamsin da tara. Amma wannan ƙeyar taka ai sai an yi mata oda ta musamman." Tun ina firamare ake tsokanata da ita, ban taɓa zaton za ta shiga lissafin kuɗi ba. Santimita 59 a jadawalin wani kamfani matsakaiciya ce, a na wani babba ce. Tef kuma kewaye kawai yake faɗa maka, ba ya faɗin siffa. Mutum biyu za su iya yin awo ɗaya, ɗaya kansa a dunƙule, ɗayan dogo daga goshi zuwa ƙeya, kuma kowane kamfani da irin kan da yake zuba cikin hularsa a kai. Da na fahimci haka sai na fasa yin oda ta intanet, na nemi kantin kayan tsere a arewacin Virginia, na tafi ranar Asabar bayan na yi aski irin wanda na saba, domin suma ma tana sauya awo.

Kantin ba babba ba ne. Bango guda huluna ne tun daga ƙasa har sama, Bell da Arai da Stilo da Simpson da Zamp da HJC. Wani dattijo mai furfura ya tarbe ni. Bai tambaye ni nawa zan kashe ba. Ya tambayi wace mota, rufaffiya ce ko buɗaɗɗiya, wace ƙungiya, kuma ina da niyyar sa keji da bel mai kafaɗu nan gaba ko a'a. Sannan ya ce in sunkuyar da kai ya leƙa ta sama, ya yi ɗan murmushi, ya wuce wasu huluna bai ko taɓa su ba.

Ta farko da ya miƙo na rantse ba za ta shiga ba. Ya nuna mini yadda ake yi: ka kama maɗauran biyu ka ja su gefe har bakin hular ya ɗan buɗe, ka fara da goshi ka mirgino ta baya. Ta shiga, ta naɗe mini kunnuwa biyu, sai da na zura yatsa na miƙe su. Kumatuna suka tattaru gaba kamar na wanda ya cika baki da goro. Na ce masa ta yi kaɗan. Ya ce in tauna. Da na tauna sai na ji haƙorana na shafar cikin kumatu, ya ce haka ake so, soson kumatu zai saki da kansa in an ɗan sha sa ta. Ya sa in ɗaure maɗauri. Na zoben ƙarfe biyu ne, ka zura igiya cikin duka biyun ka dawo da ita ta tsakaninsu, kuma hulunan tsere kusan duka shi suke amfani da shi don ba shi da wani maɓalli da zai ɓalle, kullum kuma sai ka ja shi daidai wuyanka. Ya kama haɓar hular ya ce in tsayar da kaina, ya juya ta dama da hagu. Abin da yake kallo girata ce. In hula ta zauna, fatar goshi da gira tare da ita suke tafiya. In ta zame a kan fata, ta yi yawa. Ya zura ɗan yatsa tsakanin goshina da soso bai shiga ba. Daga nan ya koma bayana ya kama gindin hular ta ƙeya ya ɗaga ta da ƙarfi zuwa gaba, kamar mai son tuɓe mini ita ta fuska. Ba ta fita ba. Ya ce, "To, yanzu je ka yi yawo a kanti, kada ka cire sai na kira ka."

Haka na yi ta zagaye tsakanin safar hannu da takalma, ina jin numfashina a kunne, ga wani yaro da ya rako babansa yana ta kallona. Da farko lafiya lau. Can sai na fara jin wani ɗan wuri a tsakiyar goshi, bai fi faɗin kwabo ba, yana dannuwa. Kafin ya kira ni wurin ya fara zafi har yana hawa kai. Da na cire sai ya kai ni gaban madubi, ga tabo a goshi, ga wani a tsinin ƙeya, gefen kai kuwa sama da kunnuwa babu alamar an taɓa. Hular ta mai dunƙulallen kai ce. Ya ce kuskuren da mutane ke yi a nan shi ne su ƙara girma ɗaya, goshi ya huta, amma gefe ya zama rami, hula ta riƙa rawa. Wasu kuma sai su sa bayan cokali su danne farin abin nan na ciki a daidai goshi, wato su murƙushe da hannunsu abin da aka ajiye don ranar haɗari. Soso yana saki, shi wannan ba ya saki, don haka hular da ta ci maka goshi a kanti za ta ci maka shi har ranar da ka jefar da ita.

Muka ci gaba da gwadawa, kowacce da zaman jiranta. Wata ta zauna a ka amma haɓarta ta matso har tana shafar leɓena, ga gemu ya cushe a ciki. Wata ta yi daidai ko'ina, amma da na zo zura tabarau ta tagar ido sai ƙafafunsa suka ƙi wucewa ta gefen soso, da na tilasta suka lanƙwashe suka ɗaga gilasan daga kan hanci. Mai sa tabarau ya je da shi, kuma ya je da wanda zai yi tuƙi da shi. Wadda ta yarda da ni a ƙarshe matsinta ɗaya ne ko'ina, goshi da gefe da ƙeya, kamar an riƙe kan da tafin hannu biyu. Dattijon ya sauya mata soson kumatu da wanda ya ɗan fi siriri saboda gemun, ya kuma sa na gwada ta da safar kai ta yadin da ba ya cin wuta, tun da da ita zan riƙa sawa. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, don kada wani mai kai irin na ƙanena ya je ya saya a kan maganata.

Mun ɗan yi gardama a kan mai buɗaɗɗiyar fuska. A rufaffiyar mota an yarda da ita, ta fi sauƙi, ta fi shan iska, kuma malami zai ji maganarka. Direbobin rali da yawa ita suke sawa. Amma a ranakun gudu a fili tagogin gaba a sauke ake tuƙi, don a riƙa ba da hannu ga mai son wucewa, kuma tsakuwa da ɓarɓashin taya suna shigowa. Ga sitiyari a gaban haƙora. Tun da Bell ta fitar da hula mai rufe fuska duka, wadda direba Dan Gurney ya shiga gasar Formula 1 da ita a Jamus a 1968, masu tseren fili suka yi ta komawa gare ta. Na ɗauki mai rufe fuska, da babbar tagar ido irin wadda ake yi don rufaffun motoci.

Kuɗi fa. A bangon nan akwai SA2020 ta ƙasa da dala 300, akwai ta kusan dubu, akwai kuma na zaren kabon masu shaidar FIA 8860, ta hukumar tseren motoci ta duniya, da ke cin dubbai. Na tambaye shi kai tsaye ko mai arahar ba ta kai sauran tsaro ba. Ya ce sitikar da ke cikin ta dala 250 da ta dala 900 ɗaya ce, jarrabawa ɗaya suka ci. An ce araha ba ta ado, to a nan adon ne kawai ba ta yi: fenti, laushin yadi, hanyoyin iska, ingancin maƙallan gilashi, da nauyi. FIA 8860 ita kam jarrabawa ce mai tsanani fiye da haka, amma an yi ta ne don manyan gasanni irin su Formula 1, inda a 2009 a Hangare wani sifirin da ya ɓalle daga motar Rubens Barrichello ya daki hular Felipe Massa a goshi. Ni da Civic ɗina ba can muke ba. Nauyi dai ba ado ba ne zalla. Na ɗora ta kabon a tafin hannu ɗaya, tawa a ɗayan, bambancin bai kai rabin kilo ba, amma wuya ne ke ɗauke da shi a kowace kwana da kowane taka birki. Na tsaya a tsakiya, ta zaren gilashi, ɗari huɗu da 'yan kai.

Tambayarsa ta farko game da bel mai kafaɗu sai a nan na ga inda ta nufa. Ya nuna mini ƙananan ramuka biyu masu zaren kusa a gefen hular ta baya, waɗanda tun daga SA2015 dole kowace hula ta zo da su. Nan ake ɗaura igiyoyin na'urar riƙe wuya. In mota ta daki bango gaba-gaɗi, bel yana tsayar da jiki, amma kai, da nauyin hula a kansa, yana ci gaba da tafiya, sai gindin ƙoƙon kai ya tsage. Irin raunin da ya kashe direba Dale Earnhardt ke nan a zagayen ƙarshe na tseren Daytona 500 a Fabrairun 2001. Na'urar HANS, wadda Farfesa Robert Hubbard na jami'ar jihar Michigan da surukinsa direba Jim Downing suka ƙirƙiro tun shekarun 1980, tana zama a kafaɗu ƙarƙashin bel ta riƙe hular da igiya biyu. NASCAR, ƙungiyar da ke shirya tseren na Daytona, ta wajabta irin wannan kariya a ƙarshen 2001, Formula 1 a 2003. Ita HANS ta asali sai da bel mai kafaɗu biyu take aiki, don haka da bel ɗin motata na gida ba ta da amfani tukuna. Ramukan dai suna nan suna jira.

Kafin in biya ya ce in fita da ita in zauna a motata. Ashe da dalili. Civic ɗin tana da tagar rufi, wadda ke cinye sararin sama, kuma da na zauna sai saman hular ya dungure rufi, kaina ya karkace. Na sauke kujera har ƙasa, na ɗan kwantar da bayanta, na jawo sitiyari kusa, sai na samu sararin yatsu biyu. Na juya na duba madubai uku, na duba agogon gudu ba tare da haɓar hular ta tare shi ba. A wurin biya jinin Bakano ya motsa, na ce babu ragi? Ya yi dariya ya ce farashi na kamfani ne, amma ya jefa safar kan a cikin jaka kyauta. Na ce to an yi gyara.

A Summit Point da sassafe ake duba motoci. Mai duba ya leƙa birki da taya, ya girgiza batir, sannan ya ce hula. Ko kallon sunan kamfani bai yi ba. Ya kifa ta, ya sa babban yatsa ya ɗaga soson ciki ta ƙeya, ya karanta sitika, ya shafa ƙoƙon yana neman tsaga, ya ja maɗauri, ya manna tasu sitikar ta shekara a gefen hagu. Na gabana a layi da hular babur mai DOT kaɗai ya zo, aka ce ya je ya nemi haya a kantin filin. Malamina ya zura mini ɗan lasifikarsa ta gefen kumatu har kunne, ya shiga ba tare da ya danne ni ba. Kowace fita fili minti ashirin ce, kuma a cikinsu ban tuna akwai wani abu a kaina ba sai da na fito na cire safar kai tana ɗiga. Ita ke shan zufar, ita ake wankewa. Hular kuwa ina buɗe gilashinta ta sha iska a inuwa, ba na barinta a but ɗin mota da rani, ba na ajiye ta kusa da galan ɗin mai, don tururin fetur yana cin farin abin nan. Snell tana ba da shawarar a sauya hula bayan kimanin shekara biyar ana amfani da ita, saboda soso yana saki, gam yana tsufa, ko da ba ta taɓa buguwa ba.

Ƙanena da ke Kaduna yana da babban babur. Da ya ga hoton sai ya kira ya ce, "Yaya, irin wannan za ka aiko mini." Na ce masa wannan ba ta babur ba ce, tagar idonta ba za ta nuna masa Keke Napep ɗin da ke shigo masa ta gefe ba. Tasa ita ce mai Snell M, ko mai shaidar Turai ta ECE 22.06, wadda ake ɗinke takardarta a jikin maɗaurin haɓa, da harafin E cikin da'ira da lambar ƙasar da ta amince da ita, 1 Jamus, 3 Italiya. Ya je wurin telansa ya aiko mini da awo, 57. Na ce ya bi abokan hawansa ya sa hulunansu ɗaya bayan ɗaya, kowacce ya zauna da ita har a gama shan shayi, ya faɗa mini wadda ba ta bar masa tabo a goshi ba, sannan in saya.